Ciwon ya lafa na ajiye magani, yanzu ya dawo sabo

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce, shekaruna 29, ina da aure da 'ya ɗaya. Shekara uku da suka wuce fatar idona na dama ta fara saukowa da yamma, ina ganin abu biyu-biyu, daga baya har tauna nama da ɗaura ɗankwali suka riƙa gagara ta. Bayan doguwar wahala, wani likitan jijiyoyi a asibitin koyarwa ya ce ciwon da ke damuna sunansa mayasteniya girabis, ya ɗora ni a kan Mestinon da firednisolon da Imuran. Na sami sauƙi ƙwarai, har na haura shekara ba na jin komai. Ganin haka, ga fuskata ta kumbura saboda maganin, ga tsadarsa, ga surukata tana cewa rubutun da aka yi mini ne ya raba ni da ciwon, sai na daina sha ban gaya wa likita ba. Wata huɗu ina garau. Sai na yi zazzaɓi, aka ba ni maganin taifot a kyamis, cikin kwana uku komai ya dawo, har ruwa yana ƙware ni. Yanzu na koma kan magani, amma zuciyata ta karaya. Dangin mijina wasu na cewa sammu ne, wasu na cewa son jiki ne, tun da da safe lafiya lau suke ganina. Ina son ƙara haihuwa amma ina tsoro. Anti, haka zan ƙare rayuwata, yau lafiya gobe ciwo?

Daga wata baiwar Allah

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce ta fi hana ki barci. Wannan ciwo yakan daɗe tare da mai shi, sau da yawa shekaru masu yawa, kuma halinsa ke nan ya lafa ya sake motsawa. Amma mafi yawan waɗanda suka sami kulawar da ta dace suna aikinsu, suna aurensu, suna haihuwa, suna tsufa cikin iyalansu. Sanannen abu ne kuma ga likitoci cewa shekaru biyu zuwa uku na farko su ne ciwon ya fi tsanani da rashin tabbas, daga baya yakan daidaita ga mutane da yawa. Abin da nake so ki sauya shi ne yadda kike kallon kwanakin sauƙi. Kin ɗauke su a matsayin ƙarshen ciwo, shi ya sa dawowarsa ta zame miki tamkar an ci amanarki, alhali kuwa lokaci ne da ya kamata a yi amfani da shi wajen shirya wa abin da zai iya biyowa baya.

Yana da kyau ki san abin da ke faruwa a jikinki, domin da shi za ki amsa wa masu cewa son jiki ne. Duk lokacin da kika yi niyyar ɗaga hannu ko buɗe ido, jijiya tana sakin wani sinadari mai suna asetilkolin, wanda yake sauka a kan wasu ƙananan wurare a jikin tsoka, sai tsokar ta motsa. A wannan ciwo garkuwar jikinki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, ita ce take kuskure tana ƙera sinadaran da ke toshewa da lalata waɗannan wuraren karɓar saƙo. 'Yan kaɗan da suka rage suna isa a farkon motsi, amma da an maimaita aikin sai saƙon ya kasa isa yadda ya kamata, tsokar ta langaɓe, sai an huta ta farfaɗo. Wannan ne dalilin da ya sa kike tashi da ƙarfinki da safe, ki share ɗaki ki shirya 'yarki, amma zuwa la'asar ki riƙa tallafe haɓa da hannu kafin ki gama tauna loma. Wanda ya gan ki da hantsi kawai ba zai gane ba, sai an zaunar da shi an yi masa bayani. Kuma ba zato ake yi ba: tun 1973 masu bincike a Amurka suka nuna cewa garkuwar jiki ce ke haddasa shi, sannan a kusan mutum 85 cikin 100 masu irin wanda ya game jiki ana iya ganin waɗannan sinadarai a gwajin jini. Ciwo ne da ba kasafai ake gamuwa da shi ba, kimanin mutum 15 zuwa 20 cikin kowane 100,000 a ƙasashen da aka ƙidaya, ya fi kama mata 'yan ƙasa da shekara 40 da maza da suka manyanta, kuma ba a ɗaukarsa daga wani, ba kuma za ki shafa wa mijinki ko 'yarki ba.

Magungunanki uku ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma a nan ne za ki gane abin da ya faru a watanni huɗun nan. Mestinon yana hana asetilkolin saurin rushewa ne, don saƙo ya sami damar isa ga tsoka. Yana fara aiki cikin rabin sa'a zuwa sa'a guda, ya kare bayan sa'o'i uku zuwa huɗu ko ɗan sama da haka, kuma bai taɓa tushen ciwon ba. Firednisolon da Imuran su ne masu danne garkuwar jiki don ta rage ɓarnar da take yi. Shi Imuran a hankali yake aiki, yakan ɗauki wata shida zuwa shekara kafin a ga cikakken amfaninsa, haka kuma idan aka bar shi tasirinsa ba ya gushewa nan take. Saboda haka lafiyar da kika ji bayan kin ajiye magani, mafi kusa ga gaskiya ita ce ragowar aikin maganin kike ci, ciwon kuwa yana tattaro ƙarfinsa a ɓoye. Likitoci suna bambanta mutumin da ba ya jin komai amma yana kan magani, da wanda ya shekara cur ba alama kuma ba magani. Na biyun yana faruwa, sai dai ga mutane ƙalilan ne, kuma likita ne yake kai mutum can ta hanyar rage magani sannu a hankali yana lura. Ke kina cikin rukunin farko ne.

Ba zan ɗora miki laifi fiye da kima ba, domin dalilanki na gaske ne, kuma mata da yawa sun bar firednisolon saboda kumburin fuska da ƙiba. Amma dole in gaya miki cewa yanke shi kwatsam bayan an daɗe ana sha haɗari ne mai zaman kansa, ko da babu mayasteniya, domin jiki yana rage ƙera nasa sinadarin na halitta mai kama da firednisolon muddin ana ba shi daga waje, kuma idan aka yanke farat ɗaya jini na iya faɗuwa har rai ya shiga haɗari, musamman idan zazzaɓi ya zo a kai. Hanyar da ta dace ita ce ki kai kukanki ga likita kai tsaye. Manufar haɗa miki da Imuran tun farko ita ce a sami damar rage firednisolon zuwa mafi ƙarancin abin da zai riƙe ki, kuma kumburin fuskar yakan sauka idan an rage. Ki riƙa shan sa da safe bayan kin ci abinci, ki rage gishiri da zaƙi, a riƙa duba miki hawan jini da sukari da idanu, sannan kada ki tsallake gwajin jini da na hanta da ake yi wa masu shan Imuran. Maganar kuɗi ma ki faɗe ta ba kunya. Likitan da ya san aljihunki bai kai ba zai iya tsara abin da za ki iya ɗorewa a kai, wanda ya fi a rubuta miki tsari mai kyau a takarda ki kasa saye ki yi shiru.

Yanzu sai batun zazzaɓin da maganin kyamis, wanda a ganina shi ne darasin da ya fi muhimmanci a wasiƙarki. Zazzaɓi ko wata cuta mai shiga jiki, kamar mura mai tsanani ko ciwon huhu ko ciwon sanyin mafitsara, su ne kan gaba wajen tayar da wannan ciwo. Bayan haka akwai magungunan da kowa ke sha a ƙasarmu ba tare da wata matsala ba, amma su ƙara raunana mai mayasteniya. Ba ki faɗi sunan abin da aka ba ki ba, sai dai abin da aka fi miƙa wa mai zazzaɓi da sunan maganin taifot shi ne sifro, kuma shi da danginsa irin su lebofuloksasin suna cikin waɗanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa aka rubuta gargaɗi mafi tsanani a kwalinsu tun 2011 saboda masu irin ciwonki. Haka nan allurar jentamaisin, da azitromaisin da eritromaisin, da kwinin da kulorokwin da aka daɗe ana bayarwa don zazzaɓin cizon sauro, da wasu magungunan hawan jini da bugun zuciya irin su furofaranolol, da magnesiyam da ake bayarwa ta jijiya. Wasu daga cikinsu likita na iya amfani da su idan babu makawa, yana sane kuma yana sa ido, amma ba a kan kantar kyamis za a yanke wannan hukunci ba. Ki roƙi likitanki ya rubuta miki kati da hannunsa, mai ɗauke da sunan ciwon da magungunan da kike sha da waɗanda ya kamata a guje musu, ki sa ɗaya a jakarki, ki ba maigida ɗaya, ki ɗauki hotonsa a waya. Duk wanda zai ba ki magani ko ya yi miki allura, ko da na ciwon haƙori ne, ki fara miƙa masa katin. Haka kuma idan za a yi miki tiyata, mai sa barci ya sani tun kafin ranar, domin magungunan da suke sassauta tsoka suna yi wa masu wannan ciwo aiki fiye da ƙima. Ki kwana cikin gidan sauro, kuma duk zazzaɓin da ya zo miki a yi gwaji a asibiti a ranar, tun da magungunan da kike sha suna rage miki ƙarfin yaƙar cuta. Jiƙe-jiƙe da sassaƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba su ma ki bar su.

Mai gidan soro da rani yake yaɓe rufinsa, ba ya jira sai hadari ya haɗo. Idan ƙarfinki ya dawo, kuma da yardar Allah zai dawo, a lokacin ne za ki zauna da likita ku rubuta abin da za a yi idan ciwon ya motsa: lambar wa za a kira, wane asibiti za a nufa, wa zai riƙe 'yarki, ina za a sami kuɗin mota da tsakar dare. Ki ajiye ɗan littafi kina rubuta yadda kika wuni a taƙaice, domin da shi za ki gane alamarki ta farko, wadda ga wasu saukowar fatar ido ce, ga wasu muryar da ke komawa ta hanci bayan doguwar magana, ga wasu kuma nauyin wuya. Wanda ya san alamarsa yakan isa wurin likita tun abin yana ƙarami. Akwai kuma alamomin da ba a jiran wayewar gari a kansu: numfashi ya yi wuya musamman idan kin kwanta rigingine, ki kasa gama jimla ba tare da kin tsaya shaƙar iska ba, yawu ya taru ki kasa haɗiyewa, tari ya rasa ƙarfi, ko kai ya riƙa faɗowa gaba. Wata hanya mai sauƙi ita ce ki ja numfashi ɗaya ki ƙirga a bayyane. Ki san inda kike kaiwa ranar da kike lafiya, idan kika ga kin kasa kaiwa 20 to a tafi asibiti. Kimanin mutum 15 zuwa 20 cikin 100 masu wannan ciwo sukan gamu da irin wannan tashi mai taɓa numfashi ko da sau ɗaya, kuma ana fita daga cikinsa idan an isa da wuri inda ake da ɗakin kulawa ta musamman da na'urar taimakon numfashi, shi ya sa manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika ko na Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato suka fi dacewa da wannan hali. Kada 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta ruɗe ku, domin tana iya nuna iskar jini lafiya har sai abu ya yi nisa. Kada kuma ki ƙara wa kanki Mestinon don kin ji rauni, domin yawansa shi ma yana kawo rauni, tare da murɗawar ciki da gudawa da dalalar yawu.

Akwai tambaya ɗaya da za ki yi wa likitanki idan bai riga ya taɓo ta ba. A bayan ƙashin ƙirji akwai wata 'yar halitta mai suna taimos da ke da hannu a wannan ciwo, kuma mutum 10 zuwa 15 cikin 100 masu ciwon suna da ƙari a cikinta, don haka ake yi wa kowane mai ciwon hoton ƙirji na siti sikan. Ko babu ƙari, wani babban bincike da aka wallafa a 2016 kan marasa lafiya 126 ya nuna cewa waɗanda aka cire musu ita sun fi samun ƙarfi kuma sun buƙaci firednisolon ƙasa da na sauran cikin shekara uku. Ba kowa aikin ya dace da shi ba, ya danganta da irin sinadarin da aka gani a jininki, amma a shekarunki ya cancanci a tattauna.

Game da haihuwa, ƙofa a buɗe take, sai dai ba yanzu da ciwon bai kwanta ba. Ki bari jiki ya daidaita, sannan ku shirya cikin tare da likitan jijiyoyi da likitan mata tun kafin a ɗauke shi, domin akwai magungunan danne garkuwar jiki irin su metotireksat da maikofenolet da ke cutar da ɗan tayi, yayin da ukun da kike sha likitoci sukan ci gaba da bayar da su ga mai ciki bisa lura. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mata ciwon yakan ƙaru musu, galibi a watannin farko na ciki da makonnin da ke bin haihuwa. Ciwon bai taɓa ƙarfin mahaifa ba, saboda haka mata da yawa suna haihuwa da kansu, amma dole ya zama a babban asibiti, saboda dalilai biyu. Na farko, magnesiyam salfet shi ne maganin da ake gaggawar yi wa mai ciki idan jijjiga ta kama ta, kuma a gare ki yana iya tsayar da numfashi, don haka a rubuta wannan a fuskar katin awonki da manyan baƙaƙe. Na biyu, jariri 10 zuwa 20 cikin 100 sukan zo da rauni na ɗan lokaci, kukansu ba ƙarfi kuma ba sa kama nono sosai, saboda sinadaran uwa da suka ratsa zuwa gare su; yakan wuce cikin 'yan makonni, amma yana buƙatar a sa wa jaririn ido a kwanakin farko. Sai wankan jego. Zafi yana ƙara wa masu wannan ciwo rauni, ga shi kwanakin jego su ne dama lokacin da ciwon ya fi motsawa, don haka tafasasshen ruwan da iyayenmu suka saba da shi bai dace da ke ba. Ki tayar da wannan magana tun ciki yana ƙarami, kuma ya fi kyau ta fito daga bakin likita a gaban maigida, domin mai jego ba ta da ƙarfin gardama da uwar mijinta a ranar.

A harkar yau da kullum ki jera ayyuka masu nauyi da safe, ki sha Mestinon kamar rabin sa'a kafin cin abinci don tauna da haɗiya su yi sauƙi, ki ci a zaune sosai, ki zaɓi abinci mai laushi ranar da muƙamuƙi ya gaji. A makaranta ki nemi shugabar ta mayar miki da darussanki farkon yini, ki rage dogon rubutu a saman allo tun da ɗaga hannu sama yana saurin gajiyar da ke, kuma a watannin bazara ki guji tafiyar rana da tsayuwa a bakin murhu da tsakar rana. Addini ma ya yi miki sauƙi: hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba mara lafiya izinin yin salla a zaune, idan ya kasa ya yi a kishingiɗe, ayoyin azumi na suratul Baƙara kuma sun ba mara lafiya damar ramawa a wasu kwanaki. Tun da Mestinon ana shan sa ne a rarrabe cikin yini, kada ki ɗauki azumi sai kin tambayi likitanki tun kafin watan ya kama.

Karayar zuciyar da kika ambata ba zan raina ta ba, domin mutane da yawa sun fi jin zafin dawowar ciwo fiye da zuwansa na farko, kasancewar sun riga sun ɗanɗana lafiya sun gina buri a kanta. Idan baƙin cikin ya wuce makonni yana hana ki barci ko cin abinci, ki faɗa wa likita kamar yadda za ki faɗi ciwon ido, tun da shi kansa firednisolon yana iya taɓa barci da yanayin zuciya, damuwa kuma tana ƙara wa ciwon ƙarfi. Dangin miji kuwa ba sai kin bi su ɗaya bayan ɗaya kina kare kanki ba. Mutum ɗaya ya kamata ya fahimci ciwon sosai, shi ne maigida. Ki tafi da shi ganin likita na gaba, ya ji da kunnensa, ya yi tambayoyinsa, daga nan shi ne zai tsaya tsakaninki da danginsa. Surukarki kada ki ja da ita a kan addu'a, ki gode mata, ki roƙe ta ta ci gaba da yi miki, amma ɗanta ya sanar da ita cikin ladabi cewa ba wanda zai sake taɓa maganin asibiti, ragi ko ƙari, sai likitan da ya rubuta shi.